Asabar uku bokiti wayam, ta huɗu kirafi tara

Jama'a, alhamdulillahi, jiya na dawo gida da kirafi tara, wato kifin tafki da Turawa ke kira crappie. Hannuna har yanzu ƙarnin kifi yake yi, amma na ce ba zan kwanta ba sai na rubuta muku, domin na san akwai da yawa cikinku da suka fara wannan kamun kifi na kan ƙanƙara tare da ni, kuma abin da ya same ni a watan Maris ɗin nan zai iya samun kowa. Asabar uku a jere ina tuƙin sama da awa uku daga Miniyafolis zuwa wani ɗan tafki a arewacin Grand Rapids, a jihar Minesota ta Amurka, in huda ƙanƙara, in zauna tun hantsi har duhu, in koma gida babu ko ɗaya. Ga azumi a baki. A Asabar ta uku da na shiga mota sai da na yi minti goma ban tayar da ita ba don baƙin ciki. Sunan tafkin kam ku yi mini haƙuri, wanda ya nuna mini shi ya roƙe ni kada in yaɗa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne na san wurin. A Janairu da farkon Fabrairu akwai wani kwari a tsakiyar tafkin mai zurfin ƙafa 24, ƙasansa laka, na sa masa alama a waya. Duk ranar da na je, kifin na nan a tsaye ƙafa biyu ko uku sama da ƙasa, in gan su a na'urar gano kifi a cikin ruwa kamar an jera su. Da aka rufe kamun kifayen wolai da faik (walleye da pike) a Lahadin ƙarshe ta Fabrairu, ban damu ba ko kaɗan, tunda kirafi ba a rufe shi a Minesota. Na biya dala 25 na sabunta lasisi ranar ɗaya ga Maris, na nufi kwarina da tabbacin cewa miyar buɗa-baki ta samu.

Na'ura ta nuna mini ƙasan ruwa, ta nuna mini ƙugiyata tana sauka, shi ke nan. Ruwa fayau, babu motsi.

Sai na fara zargin kayan aiki. Na sauya launin ƙugiya, na koma ƙaramar ta tangsitan, wani ƙarfe mai nauyi, na rage kaurin zare, na bar tsutsa na koma ɗan kifi mai rai, na dawo kan tsutsa. Mako na biyu na ce to kifin ya matsa ne, na dinga huda ina bin kwarin daga wannan baki zuwa wancan, ramuka sun fi talatin, kowane ɗaya inci 26 na ƙanƙara. A nan ne na yi asarar da ta fi mini ciwo. Ban lura ba na huda a kan tsohuwar hanyar da motoci suka bi duk lokacin sanyi, inda yashi da gishirin titi suka zube daga ƙarƙashinsu suka daskare a cikin ƙanƙara. Rami biyu kawai, wuƙaƙen injin huda suka mutu. Injin na juyawa yana sheƙi a wuri ɗaya, ba ya ci. Sababbi dala 48, ban da man mota na tafiya uku. Don Allah idan kuka ga ƙanƙara ta yi ruwan ƙasa-ƙasa ko kuka ga sawun taya, ku matsa gefe taku ashirin kafin ku ɗora injin.

Alamar gaskiya kuwa tana hannuna tun ranar farko, ban karanta ta ba. Duk ɗan kifin da na sa a ƙugiya na saukar da shi can ƙasa, bayan 'yan mintuna idan na jawo sai in tarar ya mutu, ya yi fari fat. Na ɗauka sanyi ne, ko kuwa ni ne nake soke su a wurin da bai dace ba. Har akwai lokacin da ƙugiyar ta taɓa laka ta fito da wani wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, na goge ta a wando na ci gaba.

Jiya da la'asar, bayan na sake ɓata rabin yini a kwarin, na hango wani dattijo Bature can wajen wani lungu inda ɗan rafi yake shigowa tafkin. Bakin lungun duk kachala ce busasshiya, irin dai wadda ta toshe mana hanyoyin ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru, ganinta ma sai da ya tuna mini gida. Yana zaune a kan bokiti, ba tanti, ba na'ura, kuma ina kallonsa ya ɗaga kifi sau biyu ba tare da ya naɗe zare ba. Ɗaga hannu kawai yake yi kifi ya fito. Na ja kayana na je na gaishe shi, na tambaye shi a wane zurfi yake samu. Bai yi dogon bayani ba. Ya miƙa hannunsa, ya taɓa kafaɗa, ya taɓa yatsa, ya ce iyakar abin da ke tsakanin gindin ƙanƙara da kifin ke nan. Ya ƙara da cewa a wannan lokaci na shekara ƙasan tafki irin wannan ya mutu.

Nan take komai ya haɗu a kaina. Tun da tafki ya rufe a farkon sanyi, iska ba ta ƙara shiga ruwan. Dusar ƙanƙara da ke sama ta tare hasken rana, ciyayin ruwa sun daina fitar da oksijin, da yawansu sun mutu suna ruɓa, ruɓar kuma cinye oksijin take yi, tana farawa daga laka tana hawa sama. Ruwan ƙasa shi ne mai ɗan ɗumi, wajen digiri 4 a ma'aunin Salshiyas, shi ya sa kifi yake son zama can a tsakiyar sanyi. Amma zuwa Maris, a tafki ƙarami mai laka, ɗumin na nan, numfashin ne babu. 'Yan kifayen da nake saukarwa shaƙewa suke yi. A sama kuwa dusar ta narke, rana na ratsa ƙanƙara, ruwan narkewa mai ɗauke da iska yana gangarawa ta ramuka da tsagogi da bakin rafi, ƙananan halittun da kirafi ke ci sun taru a wannan haske. Kifi ya bi abinci da numfashi ya hau sama. Ni kuwa mako uku ina aika ƙugiya ta wuce su ta tafi inda babu mai rai.

To me ya sa na'ura ba ta nuna mini su ba? Wannan ita ce tambayar da nake so ku tsaya a kanta, domin mu masu koyo mun cika yarda da abin da allon ya ce. Idon na'urar ba duk ruwan yake gani ba. Sautin da yake aikawa yana fita ne a tsuke yana buɗewa yayin da yake sauka, kamar hasken tocila. Ido irin nawa, mai kusurwa wajen digiri 20, faɗin abin da yake gani kusan kashi ɗaya cikin uku ne na zurfin. A ƙafa 24 yana duba da'ira mai faɗin ƙafa 8. A ƙafa uku ƙarƙashinsa, faɗin ƙafa ɗaya tak yake gani. Kifi zai iya tsayawa taku ɗaya daga raminka, a ƙarƙashin takalminka, allon ya ce maka ba kowa. Ƙari a kan haka, ƙafafun farko na saman allon kullum cike suke da hargitsin layuka, mun saba kau da ido daga wajen. Kuma don in rage wannan hargitsi, na saba sakin igiyar idon ya sauka ƙasa da gindin ƙanƙara sosai, wato ina rataye wani baƙin abu yana lilo daidai inda kifin ke yawo, ya kuma bar su a bayansa.

Na huda rami taku talatin daga dattijon, bayan na nemi izininsa. Zurfin wurin ƙafa 9. Na kafa tanti, na rufe tagoginsa duka har ciki ya yi duhu, na kashe na'ura na cire idonta daga ruwa gaba ɗaya. Na durƙusa na leƙa. Wallahi ban taɓa ganin abu irin wannan ba. Ruwan na haske kore-kore kamar an kunna fitila a ƙasa, ina ganin ƙugiyata da tsutsar da ke jikinta sarai. Na tsayar da ita kamar kamu biyu ƙasa da gindin ƙanƙara, ina ɗan karkaɗa ta kaɗan-kaɗan. Kusan rabin awa babu komai. Sai ga wata inuwa ta shigo daga gefe, a hankali, ta tsaya ƙasa da ƙugiyar tana kallonta. Kirafi, faffaɗa kamar karfasa, da ɗigo-ɗigon baƙi a jiki. Ya taso sama, ya buɗe baki, tsutsar ta ɓace.

Na fizga, ya kuɓuce. Na biyu ma haka. Na uku har kansa ya shigo ramin, ya sulluɓe ya koma ina kallo.

Wannan laifin hannuna ne, kuma na san inda na samo shi. Wanda ya koyi fatsa a kan tarwaɗa ya saba fizga da ƙarfi, don bakinta tauri gare shi. Leɓen kirafi kuwa siriri ne kamar takarda. Lokacin da nake kama su a ƙafa ashirin da wani abu, tsawon zaren yana ɗan miƙewa ya shanye ƙarfin fizgar. Yanzu zaren da ke waje bai kai tsawon mutum ba, duk ƙarfin a leɓen yake sauka ya yaga shi. Na sassauta birkin abin naɗe zare har ana iya jan zaren da yatsa biyu, na daina fizga, na koma ɗaga sanda kawai kamar mai ɗaga cokali. Wani abu kuma da ido ya koya mini: kirafi daga ƙasa yake tasowa ya ɗauki abinci ya ci gaba da hawa, don haka 'yar wayar bakin sanda ba lanƙwasawa ƙasa take yi ba, miƙewa take yi, zare ya saki. Allah kaɗai ya san sau nawa hakan ta faru a baya ina jiran a ja.

Daga nan sai suka fara fitowa. Huɗu kafin rana ta faɗi. Magariba ta yi wajen ƙarfe bakwai da rabi, na buɗe baki da dabino uku da shayin da ke cikin filas, na shimfiɗa darduma a kan ledar tanti na yi salla, gwiwoyina na jin sanyin ƙanƙara ta cikin wando biyu. Na kai wa dattijon dabino, ya karɓa ya yi godiya. Cikin rabin awar da ta biyo baya na ƙara biyar. Babban cikinsu inci 13, ban taɓa kama kamarsa ba. Na duba dokar tafkin tun kafin in zo, goma aka yarda, amma ku riƙa dubawa, akwai tafkunan da biyar ne iyaka. Ban da taran nan, biyu ƙanana na mayar, kuma suka koma da ƙarfinsu, ba kamar na ruwa mai zurfi ba da cikinsu ke kumbura idan an jawo su.

Fitowa ce ta tsorata ni. Da safe na shiga tafkin a kan ƙanƙara mai tauri har bakin gaɓa. Da dare na tarar da ruwa buɗe kusan taku biyu tsakanin ƙanƙara da ƙasa, domin gaɓa ce ke fara narkewa, musamman ta arewa da rana ke duka yini guda. Ina tafe ina dukan gabana da dagi, a wani wuri ya shige da bugu biyu, ƙanƙarar ta wargaje ta zama dogayen tsinkaye a tsaye kamar an jera kyandir. Kaurinta a wurin ya fi ƙafa ɗaya, amma ba ta da ƙarfi ko kaɗan. Inci 4 ɗin da hukumar kula da albarkatun ƙasa ta jihar take cewa ya isa mutum ya taka, na sabuwar ƙanƙara ce mai haske kamar gilashi. Farar ƙanƙara rabin wannan ƙarfin gare ta, ta ƙarshen Maris da rana ta cinye kuwa awo ba ya gaya maka komai a kanta. Na zagaya na sami inda ya fi dama, duk da haka ƙafar hagu ta nutse har gwiwa. Ƙusoshin ceto, waɗanda ake kafawa a ƙanƙara a jawo kai idan an faɗa ruwa, suna wuyana, igiya na hannun dattijon da ya tsaya jirana a gaɓa, Allah ya saka masa da alheri. Na tuƙa mota awa uku da safa ɗaya a bushe.

Da farko na tsara Asabar biyu nan gaba a tafkin, in gwada ko dabarar za ta yi a kan sauran ƙananan kifaye a bakin kachala. Na fasa. Uwargida ta ga wandon, kuma gaskiyarta ne. Abin da ya rage mini shi ne Kogin Rainy a kan iyakar Kanada, wajen garin Baudette, inda kogin ke buɗewa tun tafkin Lake of the Woods na rufe, wolai kuma ke hawowa don zuba ƙwai. Ana kamu a can har 14 ga Afrilu, a kama a saki. Wani ɗan uwa ɗan Nijar da muke salla tare yana da ƙaramin jirgi, ya ce bayan sallar Idi mu gwada idan mashigar jiragen ta buɗe. Ban taɓa riƙe ƙugiya a ruwa mai gudu da guntayen ƙanƙara na wucewa ta gefen jirgi ba, kuma nauyin da zan sa don ta taɓa ƙasa shi ne abin da zan zauna in koya a makon nan. Injin huda kam na wanke shi, na shafa wa sababbin wuƙaƙen mai, na rataye shi sai Disamba.