Baƙin da ke laɓe a jikin yaro lafiyayye

Sau biyu ke nan ɗana yana yin zazzaɓi, kuma a kowane karo da zarar zafin ya fara sauka sai wasu ƙananan ƙuraje masu ruwa su feso masa a gefen leɓe, daidai wurin da suka fito a baya, su yi kamar mako guda, su bushe, su ɓace. Da na tambayi likita inda yaron yake sake kwaso wannan abu, sai ya ce mini ai ba kwasowa yake yi ba, tun karon farko abin bai bar jikinsa ba. Ƙwayar bairos ce mai suna herpes simplex, wadda idan ta shiga sai ta bi jijiya ta je ta yi lamo a wani ƙulli na jijiyoyin fuska, ba ta motsawa sai zazzaɓi ko gajiya ko zafin rana sun sassauta tsaron jiki.

Ashe ba ita kaɗai ba ce. Ƙwayar ƙarambau ma danginta ce, kuma bayan yaro ya warke takan kwanta a jijiyoyin da ke kusa da laka shekara da shekaru, har wata rana, galibi a tsufa, ta farka ta fito da ƙuraje masu raɗaɗi a ɓari ɗaya na jiki. Akwai kuma Epstein-Barr, wadda aka gano a 1964 a cikin ƙwayoyin wata sankarar yara da likita Denis Burkitt ya bayyana a Uganda a 1958. Abin mamaki shi ne fiye da kashi 90 cikin 100 na manya suna ɗauke da ita, yawancinsu tun suna ƙanana suka same ta ta hanyar miyau, ba tare da sun ko kwanta ciwo ba.

A ɓangaren fungas, wanda ya fi ɗaure mini kai shi ne Pneumocystis. Yawancin yara suna shaƙarsa kafin su cika shekara huɗu, huhunsu ya yi maganinsa shiru, iyaye ba su sani ba. An fara ganin ɓarnarsa ne a gidajen marayu na Turai bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tsakanin jariran da tamowa ta raunana, sannan a watan Yunin 1981 aka ba da rahoton samari biyar a Los Angeles da ya kama musu huhu, rahoton da ya zama farkon sanin cutar ƙanjamau. Shi ya sa ake fara bai wa jaririn da mahaifiyarsa ke ɗauke da wannan cuta maganin kotirimozazol tun yana ɗan makonni huɗu zuwa shida. Candida kuwa tana zaune a baki da hanji lami lafiya, sai an ɗura wa yaro maganin kashe bakteriya, an share ƙwayoyin da ke taka mata birki, sannan a ga farin abu kamar guntun madara ya lulluɓe masa harshe.

A ganina kuskure ne uwa ko uba su tashi hankalinsu don an ce gwaji ya nuna ɗansu ya taɓa haɗuwa da ɗaya daga cikin waɗannan, domin babu maganin da ke fitar da bairos ɗin da ya laɓe, kuma yaron da garkuwar jikinsa ke aiki ba ya buƙatarsa. Inda ya kamata a sa ido shi ne waɗanda ke kewaye da shi. Ƙaramin yaro yana iya yin watanni yana fitar da wata ƙwayar bairos dangin herpes mai suna CMV (cytomegalovirus) a miyau da fitsari yana ta wasansa, alhali idan mace mai juna biyu ta kamu da ita, jaririn yana iya zuwa da matsalar ji. Haka nan ƙurjin leɓen da ba ya hana ɗana gudu yana iya zama barazana ga rayuwar jariri sabon haihuwa.

Saboda haka da ƙurajen suka dawo a karo na biyu, ƙanwarsa kuma ba ta cika wata guda ba, sai na ware masa kofinsa da tawul ɗinsa, na hana shi sumbatarta har sai ɓawon ya faɗi. Ya yi fushi na kwana biyu, yana leƙenta daga bakin ƙofa.