Kafin ka goge mindar kakanka

Ɗan maƙwabcina ne ya yi sallama a zaurena bayan la'asar, riƙe da baƙar leda. Ya zazzage ta a kan tabarma: minda uku a jere kan ƙarfe guda, gwangwanin Brasso, da almakashi. Ya ce, "Baba, an ce kai ka san kan waɗannan abubuwa. Wani ne a Facebook ya ce zai sayi tauraron nan shi kaɗai, in na wanke shi ya yi ƙyalli na tura masa hoto. Ta ina zan yanke ƙyallen?"

Tun kafin in taɓa na gane su. Tauraruwar 1939 zuwa 1945, Tauraruwar Burma mai tsini shida da ƙyallenta ja a tsakiya, shuɗi mai duhu a gefe da ratsin ruwan lemo, sai mindar yaƙi mai hoton zaki ya taka dodo a bayanta. Na tambaye shi ina takardun da suke tare da su. Ya ce wai wasu tsofaffin takardu ne duk sun yi ja, ya bar su a kan taga. Na ce, "Tashi ka ɗauko su yanzun nan, kada ka tsaya ko gaisawa da kowa." Ya tashi yana kallona kamar na zage shi, wayarsa na hannu, yana tafe yana latsawa.

Abin da ya sa na ɗaga masa murya shi ne, almakashin nan ni ma na taɓa riƙe shi, kuma ba wanda ya hana ni.

A shekarun 1980 ina sana'ar kayan tarihi a Kano: tsofaffin kuɗi, anini mai huda, tasoshin tagulla, takubba, duk abin da Bature zai tsaya ya taya. Lokacin mazan jiya na Yaƙin Hitila suna nan da rai da yawansu, wasu na gadi a ƙofar kamfanoni, wasu sun koma ƙauye suna noma. Su ne mutanen runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, waɗanda aka kwasa a jirgin ruwa zuwa Indiya, daga can suka shiga dazukan Arakan da kwarin Kaladan a ƙasar Burma suka gwabza da Japan a 1944 da 1945. Barikin Dalet na Kaduna da na Chindit a Zariya da na Myohaung a Legas duk daga wannan yaƙin suka samo suna. Ku yaran yanzu kuna wuce su a keke-napep kullum, ba wanda ya taɓa tambayar ma'anar sunan.

Akwai wani dattijo da muke kira Baba Saja, a wani ƙauye kan hanyar Zariya. Shi minda huɗu gare shi, don kafin Burma ya yi yaƙin Habasha a 1941, yana cikin sojan Najeriya da suka shiga Mogadishu, saboda haka yana da Tauraruwar Afirka mai ƙyalle ruwan yashi. Yana raye na sha taya su, ya ƙi. Bayan rasuwarsa matarsa ta aiko a kira ni. Ta fito da wani gwangwanin biskit daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai mindodin, da littafin sallamarsa daga soja mai lambarsa da bataliyarsa da shaidar ɗabi'a, da hotonsa sanye da jar dara da gajeren wando, da wata wasiƙa da aka rubuta da ajami. Na ba ta kuɗin da bai kai na buhun gero ba. Ta yi ta sa mini albarka har na hau babur.

Na san abin da za ku ce. Amma ku tsaya ku ji. Lokacin ana cikin tsananin SAP, wato shirin gwamnati na tsuke bakin aljihu, tsohuwar nan ba ta da abin sawa a tukunya, 'ya'yan mamacin sun watsu, ba wanda ya leƙo ta. Ni ban tilasta mata ba, ita ta aiko. Da ban saya ba, da wani ya saya ƙasa da haka, ko kuma maƙeri ya narka su ya yi zobe. Na daɗe ina faɗa wa kaina haka, kuma har gobe ban ce duka ƙarya ne ba. Sai dai na san farashin da nake sayarwa, ita ba ta sani ba, kuma na yi shiru. Wannan shirun ba yunwarta ce ta jawo shi ba, ni na zaɓe shi.

Da na koma gida na sa almakashi na yanke tsofaffin ƙyallayen, don sun koɗe sun yi dauɗa. Na kwaɓa toka da lemun tsami na dirje su har suka riƙa ɗaukar ido. Na sayar da su ɗai-ɗai ga baƙi daban-daban, don a lissafina ciniki huɗu ya fi ciniki ɗaya riba. Littafin sallama da hoto da wasiƙa kuwa na jefa su ƙasan wani kwali a shago. Da damina ta wuce na ɗaga kwalin, gara ta gama da su, sai ƙasa-ƙasa da guntun bango.

Daga baya wani tsohon Bature da ya san harkar ya zaunar da ni ya buɗe mini ido. Ingila ba ta buga sunan kowa a jikin taurarin Yaƙin Duniya na Biyu ba. Juya su, bayansu fili ne fetal. Indiya da Afirka ta Kudu da Ostireliya sun sa wa nasu sojojin suna, amma wanda ya karɓa daga hannun Ingila haka ya karɓa ba rubutu. An kuma raba su da yawan gaske, shi ya sa tauraro guda ba takarda abu ne mai araha a kasuwannin Landan. Abin da ke da wuyar samu shi ne jerin mindodin sojan Afirka, cikakke, a kan ƙarfensa na asali, tare da littafinsa da hotonsa. Wato abin da ya fi daraja a gwangwanin nan shi na bai wa gara, na riƙe ƙarfen da kowa ke da shi.

Gaskiya a ranar asarar kuɗin ce ta fi ƙona mini rai. Sai bayan shekaru, da wani jikan Baba Saja, malamin makaranta, ya bi sawu har shagona yana neman ko da hoton kakansa ne ya nuna wa 'ya'yansa, sannan abin ya sauko mini a ƙirji. Bai yi mini faɗa ba. Ya ce, "Baba, ko lambarsa ta soja ba ka riƙe ba?" Ban riƙe ba. Mindodin suna can a wata ƙasa cikin akwatin gilashin wani, ba wanda zai taɓa sanin na wane ne, kuma ba hanyar da za a bi a sake haɗa su.

Ba wanda ya koya mini, wannan ma gaskiya ne. Babu littafi, babu intanet, ubangidana a sana'ar ma gogewa yake yi. Ku da duniya ke cikin aljihunku ba ku da wannan uzurin. Yaron nan ya iya nemo mai saye a wata nahiya cikin dare ɗaya, amma da na tambaye shi cikakken sunan kakan nasa da bataliyarsa sai ya hau sosa ƙeya.

Akwai laifina na biyu, wanda ban cika faɗa ba. Bayan na fara ganin kaina gwani, wani ya kawo mini kuros ɗin Jamus, wato mindar sojansu, baƙi mai farin baki, da kambi a sama, harafin W a tsakiya, 1914 a ƙasa. Ya ce daga Garwa ya fito, daga gidan wanda ya yi wa Jamus soja kafin a kore su daga Kamaru a 1916. Labarin ya zauna daram, don Garwa ta faɗi a 1915, Mora kuma ta riƙe har farkon 1916, kuma mutanenmu sun yi yaƙin ta ɓangarorin biyu. Na sayi labarin da tsada. Na ainihi guda uku ake haɗawa: baƙin ƙarfe a tsakiya, da firam biyu na azurfa da aka liƙe gaba da baya, har kana iya ganin layin haɗin a gefe, kuma galibi mayen ƙarfe na kama tsakiyarsa. Nawa zubi ɗaya ne, an shafa masa baƙin fenti, ga ƙananan ramuka irin na abin da aka zuba a yashi. Da na gane, sai na mayar da shi cikin tire na yi shiru, har wani baƙo ya ɗauka ya taya. Ban ce masa na gaske ne ba, ban kuma ce jabu ne ba. A kasuwa ana cewa ido shi ne mudu, kuma ni ma haka aka yi mini. Amma na san hukuncin wanda ya ɓoye aibin kaya, tun ina makarantar allo na san shi.

Na zauna da niyyar rubuta muku dogon jeri, yadda ake gane ta Faransa da ta Rasha da ta Amurka, tunda 'yan'uwanmu na Nijar Faransa suka yi wa soja, kuma a Damagaram da Maraɗi akwai gidajen da ke ajiye da kuros ɗin yaƙi na Faransa wanda aka ƙirƙiro a 1915. Amma da na duba, abin da nake da shi na faɗa bai da yawa.

Kada ka goge. Baƙin nan da azurfa ke yi da duhun da tagulla ke yi shaidar shekaru ne, kuma mai saye na ƙwarai shi yake nema. Duk dirza ɗaya tana cin fuskar sarkin da ke jiki da haruffan gefe. Ƙyalle ko ya zama tsumma bar shi a wurinsa.

Kada ka raba. Minda da 'yan'uwanta da takarda da hoto abu ɗaya ne. Duk wanda ya ce maka guda ɗaya yake so daga cikin jeri, ko bai san abin ba, ko ya san kai ba ka sani ba.

In minda mai suna ce, karanta gefenta kafin ka kalli fuskarta. Na Yaƙin Duniya na Ɗaya da waɗanda suka gabace su, galibi an buga lambar soja da muƙami da suna da runduna a kewayen bakin. Akwai ta azurfa da aka fara bayarwa a 1902 don yaƙe-yaƙen Afirka, mai ƙyalle rawaya da baƙin gefe da siraran ratsi kore biyu. A kan ƙyallen ake maƙala ɗan ƙarfe mai sunan yaƙin. Wanda aka rubuta wa N. NIGERIA 1903 na cin Kano da Sakkwato ne da Burmi, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya yi shahada. Na 1906 na Satiru da Haɗeja ne. Ni wannan mindar ba na iya riƙe ta da sakin rai, don ladan zubar da jinin kakanninmu ce, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka rataya wa ita Hausawa ne. Duk da haka tarihi ce, gara ta zauna a hannunmu. Macuta kan sa magagari su share sunan asali su buga wani mai tsada. Faɗinta milimita 36 ne. In an share, bakin zai yi siriri ta gefe ɗaya, da'irar ta ɗan karkace, haruffan kuma ba za su jeru daidai ba. Rajistar waɗanda aka ba wa tana ma'ajiyar tarihi ta Ingila da ke Kew, kuma ana iya bincikawa. Ku da kuke kwana a waya, ga aikin da ya dace da ku.

Nemi ilimi kafin ka fitar da ko kwabo, karanta kundin 'yan gwanjo, kalli hotuna. Ko da yake, in faɗa maka gaskiya, karatu bai taɓa hana a cuci mutum ba. Hannu ne ke ganewa, nauyi da sanyin azurfa da kaifin harafi, kuma hannu ba ya koyo sai ya ƙone. To kada ka sa kuɗin da za ka yi kuka a kansa.

Mindar gidanku kuwa kada ka sayar, ko nawa aka taya. Ba taka ba ce kai kaɗai, akwai 'yan'uwa, akwai waɗanda ba a haifa ba. Amma ni wane ne da zan hana mai yunwa? In ciwo ne ko kuɗin makaranta ya tsaya a wuya, sayar, Allah ya sa albarka. Sai dai a sayar da ita dunƙule, da sanin manyan gida, bayan an ɗauki hoton kowane shafi gaba da baya, kuma a ji farashi daga bakin mutum fiye da ɗaya. In kai ne mai saye, faɗa wa tsohuwa abin da kayanta za su yi a kasuwa, sannan ka yi tayinka, ta sallama ko ta ƙi.

Mazan Burma kusan duk sun tafi, amma matansu na ƙarshe da manyan 'ya'yansu suna nan a cikin gidajenku, kuna wuce su da abin kunne a kunne ba ko sannu. Ka zauna gaban kakarka a daren yau ka kunna rikodar wayar. Tambaye ta sunan kakanka na yanka da sunan da aka rubuta masa a soja, don sau da yawa sun bambanta, an sa masa sunan garinsu a madadin na ubansa. Tambaye ta barikin da aka ɗauke shi, shekarar da ya dawo, da wanda suka dawo tare. Rubuta duka a farar takarda da lambarsa ta soja a sama, ka sa a gwangwanin tare da mindodin. Kada ka naɗe su a leda, tana riƙe danshi, kuma ka ɗaga gwangwanin daga ƙasa saboda gara.