Takarda kafin kyamara: shawara ga masu son bin sawun kuɗin gwamnati

Ƙannena masu sha'awar shirya finafinan binciken ƙwaƙwaf da rubuta littattafai a kan kuɗi da siyasa, abin da zai fi saurin yaudarar ku a farkon wannan sana'a shi ne hoto mai taɓa zuciya. Kyamara za ta nuna rufin makarantar da iska ta yaye ko rijiyar burtsatsen da ta daina ba da ruwa, amma ba za ta nuna aljihun da kuɗin ya faɗa ba, kuma mai kallo da zarar ya ga kango ya riga ya yanke hukuncin sata tun kafin ku buɗe baki.

Wannan gaggawa ta taɓa sa na zalunci wani bawan Allah. Na ɗauki wani asibitin ƙauye da gininsa ya tsaya a linta, ciyawa ta cinye ɗakunan, awaki suna kwana a inda aka tsara mata za su haihu. Na buɗe kundin kasafin kuɗi na ga aikin a rubuce tare da kuɗinsa, sai na haɗa shafin da kangon, na shaida wa duniya cewa ɗan kwangila ya karɓi kuɗi ya yi layar zana. Bayan shirin ya fita, lauyansa ya aiko da takardun da suka tabbatar cewa kuɗin kafin alƙalami kaɗai aka ba shi, kuma aikin da ya yi ya zarce abin da ya karɓa. Na janye maganata na nemi gafararsa, amma sunan ɓarawo ya riga ya bi shi a garinsu, su kuwa waɗanda suka danne ragowar kuɗin sai suka fake da kuskurena suka ce duk shirin ƙarya ne.

Abin da ban fahimta ba a lokacin shi ne cewa kasafin kuɗi alkawari ne kawai. Sanya aiki a kasafi daban, sakar wa ma'aikata kuɗinsa daban, biyan ɗan kwangila kuma daban, kuma kowane mataki yana da takardarsa. Mai bincike ba shi da hurumin furta kalmar sata sai ya san matakin da kuɗin ya maƙale da kuma hannun da ya sa a kan takardar. Hanyoyin sani kuwa suna nan ga wanda ba ya ƙyuya. A Najeriya, Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta wajabta wa hukumomi amsa buƙata cikin kwana 7, kuma ko sun yi biris da ku, kwafin wasiƙarku mai hatimin karɓa hujja ce da za ku nuna a fim. Tun Disambar 2019 gwamnatin tarayya ta buɗe shafin baitulmali a intanet inda ake wallafa manyan kuɗaɗen da aka biya. Rahoton shekara-shekara na Odita Janar, wato babban mai binciken kuɗin gwamnati, yana lissafa kuɗin da aka kashe babu takardar shaida, rajistar CAC, hukumar yi wa kamfanoni rajista, tana nuna masu kamfani, hukumar ICPC mai yaƙi da cin hanci kuma tana bibiyar ayyukan mazaɓu tun 2019. Karatun waɗannan takardu yana da gajiyarwa, amma a ganina wanda ba zai iya zama da su ba gara ya nemi wani fannin na fim.

Kuskurena na biyu ya shafi majiya. Wani ma'aikacin sashen kuɗi ya amince ya yi magana, na rufe fuskarsa na sauya muryarsa, amma na bar agogon hannunsa da labulen ofishinsu a cikin hoton, kuma abokan aikinsa ba su sha wahalar gane shi ba. An yi masa canjin wurin aiki na horo, iyalinsa suka ɗanɗana kuɗarsu saboda sakacina. Kada ku ɗauki majiya a wurin aikinsa, kada ku bar sunansa a waya, kuma ku nuna wa wani amintacce hoton ku tambaye shi ko akwai abin da zai tona asiri. Lamarin yana iya wuce rasa aiki: an harbe Ahmed Hussein-Suale, abokin aikin ɗan jaridar binciken ƙwaƙwaf na ƙasar Ghana, Anas Aremeyaw Anas, a unguwar Madina ta birnin Accra a Janairun 2019, watanni bayan wani ɗan majalisa ya nuna hotonsa a talabijin.

Kafin ku saki fim ko ku miƙa littafi ga maɗaba'a, ku rubuta wa duk wanda kuka ambata, ku jera masa zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, ku ba shi isasshen lokacin amsawa, sannan ku sa amsarsa yadda ya faɗe ta. An sha amfani da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 wajen tsare 'yan jarida, don haka ku sami lauya ya karanta kowace jimla, ku kuma ajiye kwafin takardunku a wajen gidanku. Idan ɗan siyasa ya kawo muku fayil a kan abokin hamayyarsa, ku karɓa ku tantance shi da kanku, amma kada ku karɓi ko kuɗin man mota daga hannunsa.