Kafin Ka Kawo Ƙadangare Mai Gemu, Fara Gina Masa Gida

Sana'ata haɗa gidajen dabbobi masu rarrafe, kuma mafi yawan aikin da ke fita daga hannuna na ƙadangare mai gemu ne. Asalinsa daga busassun yankunan tsakiyar Ostareliya yake, masana na kiransa Pogona vitticeps. Idan ya girma yakan kai santimita 45 zuwa 60 har da wutsiya, kuma in ya samu kulawa yakan yi shekara 10 zuwa 15. Shi ya sa duk wanda ya zo wurina da ɗokin saye, nakan ce masa ya dakata: a gama gida tukuna, a kunna fitilu kwana biyu ana auna zafi, sannan a kawo mai gidan.

Akwatin da nake yi ba ya gaza santimita 120 a tsawo, 60 a faɗi, 60 a tsaye. Da katako nake yinsa domin ya fi gilashi riƙe ɗumi, in shafe cikinsa da abin hana ruwa shiga, in bar shi ya sha iska har warin ya fita gaba ɗaya. Ƙofar gilashi a gaba take, ba a sama ba. Wannan maigidana ne ya koya mini, Allah ya saka masa da alheri. Ranar da na fara yin murfi a sama, bai yi mini faɗa ba. Hannunsa kawai ya zura ta sama, ƙadangaren ya baje gemu ya yi baƙi ƙirin. Ya ce da ni, a daji abin da ke zuwa masa daga sama shaho ne. Tun ranar ban sake ba.

Ran gidan kuwa zafi ne da haske. Ƙadangare ba ya samar da ɗumin jikinsa, don haka gefe ɗaya nake sa fitilar zafi a kan faffaɗan dutse, wurin ya kai digiri 38 zuwa 42, ɗaya gefen kuma ya tsaya wajen 24 zuwa 26, da maɓoya a ciki. Shi da kansa zai riƙa kai da komo. Na'urar daidaita zafi dole ce. Da dare a kashe komai, ya samu duhu.

Sai doguwar fitilar UVB, wato wani sashe na hasken rana da idon mutum ba ya gani, kuma a nan ne raina yake ɓaci. Da wannan haske fatarsa ke haɗa sinadarin bitamin D3, wanda in babu shi jiki ba zai amfana da kalsiyam, sinadarin da ke ƙarfafa ƙashi, ba. Hasken ba ya ratsa gilashi, saboda haka ajiye akwati kusa da taga ba ya maganin komai. Ƙarfinsa kuma yana raguwa tun fitilar tana ci, sai a sauya ta bayan wata 6 zuwa 12, gwargwadon irinta. A farkon sana'ata wani dillali ya sayar mini da fitilu na jabu. Ido ba ya bambance su. Bayan 'yan watanni ɗan ƙadangaren da nake kiwo ya fara karkarwa, muƙamuƙinsa ya yi laushi, ƙafafunsa suka lanƙwashe. Likitan dabbobi ya ceto ransa, amma ƙafafun ba su miƙe ba har ya mutu da tsufa. Daga nan na sayi ma'aunin hasken, kuma babu fitilar da ke barin wurina ban gwada ta ba.

To ka ga dalilin da nake jin zafi idan mai saye ya ce ya ga irin akwatina a wani wuri da sauƙi. Na san abin da ya gani: ɗan kwalin gilashi, ƙwan fitila ɗaya, da yashi zube a ƙasa. Araha ba ta ado. Ƙaramin ƙadangare yakan haɗiye yashi tare da abinci, hanjinsa ya toshe. Ni tayil mai kaushi nake shimfiɗawa, ko takarda ga jarirai. Wasu har dutsen lantarki mai ɗumama suke haɗawa, abin da ke ƙona musu ciki. Kuma su ce a zuba biyu a gida ɗaya, alhali dabba ce mai son zama ita kaɗai. Babban yakan danne ƙaramin ya hana shi wurin shan zafi.

Abinci ba wuya. Ƙarami ya fi cin ƙwari, gyare da fara, waɗanda girmansu bai wuce tazarar da ke tsakanin idanunsa ba, a barbaɗa musu garin kalsiyam. Babba ganyaye ne mafi yawan cimarsa. Ƙwaron nan mai walƙiya da dare guba ne gare shi, ko ɗaya kada ya ci.

Satin farko zai iya ƙin abinci, ya laɓe. Ku ƙyale shi ya saba da wurin kafin a fara ɗaukarsa, kuma in za a ɗauka, a tallafo shi ta ƙarƙashin ciki. Duk wanda ya taɓa shi, musamman yara, ya wanke hannu da sabulu, domin yakan ɗauki ƙwayar cutar salmonela ko da lafiyarsa ƙalau.