Na auna farantan sola uku a saman soro

Asabar, tsakiyar hunturu.

Da hantsi na hau soro da ƙananan farantan sola uku da na sayo a Sabon Gari ranar Laraba, kowanne bai wuce tafin hannuna ba. A bayansu an rubuta bolt 6, wat 1. Fitilar madafa nake son haɗa wa Hajiya da batirin caji samfurin 18650 guda ɗaya. Ganinta tana girkin magariba da tocila a hammata ya daɗe yana damuna.

Na jingina su suna kallon kudu, na ɗora mitar auna wuta babu komai a jone. Duka ukun suka ba da bolt 7 da ɗan kai. Haka ya kamata, tunda ƙwayoyi 12 ne a jere a kowane faranti, kowace na ba da wajen 0.6. Sai dai wannan awon yaudara gare shi, ko a inuwa ka kai faranti zai nuna maka bolt mai kyau. A yawan wutar da ke gudana ake gane na kirki. Wat 1 a kan bolt 6 ya kama miliamfa 166 ke nan. Na juya mita zuwa awon miliamfa, na farko ya ba da 125, na biyu 120, na uku 60 kacal.

Biyun farko ban ga laifinsu ba. Lambar da ake rubutawa a baya ana samunta ne da haske na wat 1000 a kan murabba'in mita, a zafin digiri 25, mu kuwa yau hazo ya lulluɓe gari. Da na goge ƙura da ɗanyen tsumma ma sai da suka ƙaru da kusan 10. Na ukun ne ya tsaya mini a rai. Na karkata shi a rana, na juya, can na hango tsaga siririya kamar gashi ta ratsa ƙwaya ɗaya.

Ƙanena da ya biyo ni ya ce, "Yaya, ƙwaya ɗaya ce fa, saura 11 ai lafiyarsu ƙalau." Na ce ya ɗora babban yatsansa a kan ƙwaya guda ta mai kyaun. Nan take lambar ta faɗo ƙasa warwas. Tiyon ban ruwa ne, in ka taka wuri ɗaya ka tare duka. Na ji daɗin yadda ya zaro ido, har ya sake gwadawa sau uku.

Bayan azahar farantan sun ɗau zafi, bolt ya sauka zuwa 6.6.

Da la'asar na haɗa masu kyau biyun gefe da gefe, kowanne da diyod 1N5819 don kada wuta ta koma baya, na shigar da su allon caji TP4056. Allon yana zuwa ne a saite a kan amfa 1, wato miliamfa 1000, abin da farantaina ba za su iya ba. Na cire resista ta 1.2k da ke saita yawan wutar cajin na liƙa ta 5k da dalma, ya dawo wajen miliamfa 240. Ƙwan da zan sa yana cin 100, awa uku na girki 300 ke nan, ko ranar hazo za a mayar da wannan.

Hajiya ta leƙo ta ce, "An gama?" Na ce sai gobe in Allah ya kai mu, saura makunni da gwangwanin da zan sa batirin ciki.