Abin da Ƙyallayen Teloli Suka Koya Mini

Duk wanda ya taɓa zama a shagon tela cikin goman ƙarshe na azumi ya san yadda ƙyallaye ke taruwa a ƙarƙashin teburin yanka, na shadda da na atamfa da na leshi, har a cika buhu a kai bola, ko a cinna musu wuta, ko su ƙare a magudanar ruwa su toshe ta kafin damina. Masana harkar tufafi suna ƙiyasta cewa kusan kashi 15 cikin 100 na yadi yana zubewa tun a wurin yanka. Da waɗannan ƙyallaye na yi aiki lokacin da nake koyon zayyanar tufafi a Kano, kuma babban abin da na fahimta shi ne ƙyalle kyauta ne, amma mayar da shi tufa aiki ne mai tsada.

Tsadar tana farawa daga tantancewa. Yadin da ake sayarwa a Kantin Kwari a yau da yawansa gauraye ne da zaren roba, kuma ido kaɗai ba ya rarrabewa. Sai an yanko ɗan gefe an kai shi bakin wuta: auduga tana ci kamar takarda ta bar toka mai laushi, roba kuwa narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri. Idan aka haɗa su a riga ɗaya, wankin farko zai tona asiri, domin audugar za ta tsuke, robar ta tsaya yadda take, ɗinkin ya tattare.

A marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, na ƙara ganin amfanin wannan tantancewa, saboda shuni yana kama auduga amma ba ya zama a jikin roba. Marini yana tsoma ƙyalle cikin ruwan baba da toka, ya ɗago shi yana kore-kore, iska ta buge shi ya rikiɗe zuwa shuɗi, sannan ya sake tsomawa, har launin ya kai inda ake so. Ƙyallayen da launukansu ba sa jituwa, da zarar sun sha rini tare sai su zama dangin juna, zanen atamfar yana leƙowa kaɗan daga ƙarƙashin shunin. Wani abin da ya fi burge ni shi ne katsi, wato lakar da ke kwantawa a gindin ramin rini. A zamanin da, marina ba sa zubar da shi. Sukan busar da shi su ƙone, a mayar da shi cikin sabon haɗi, ko a gauraya shi da dafara (wani tsiro mai yauƙi) da gashin da aka samo daga majema a yi laso na shafe ramuka da rufin soro. Sana'a ce da ta san inda za ta kai shararta tun kafin a fara taron duniya kan muhalli.

Haka ma babbar riga ta asali. Masaƙi yana fitar da saƙi siriri, a jera shi a ɗinke gefe da gefe, yankan kuma miƙaƙƙe ne, saboda haka da wuya a ga abin zubarwa. Tun da na lura da wannan nake fara zane daga girman ƙyallen da ke hannuna, sannan in nemi fasalin da zai cinye shi duka.

Inda gizo ke saƙar shi ne kasuwa. A wurin mutanenmu faci alamar rashi ce, ba wanda zai sa shi ya je ɗaurin aure, ga shi kuma gwanjo ya karya farashi. A kasuwar gwanjo ta Kantamanto da ke Accra ta ƙasar Ghana kaɗai ana ƙiyasta cewa tufafi kusan miliyan 15 ke shiga kowane mako. A ganina roƙon mai saye ya tausaya wa muhalli ba ya sayar da riga. Abin da ke sayar da ita shi ne rini mai kyau, da bugu har ta yi sheƙi, da aikin allura a kan mahaɗar ƙyallayen yadda za a ga ado ne aka yi da gangan. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan hannun wani ne, kuma dole ladan marini da mabugi da mai surfani ya fito a farashi, in ba haka ba an rage shara ne da gumin talaka.

Yanzu telolin da nake hulɗa da su suna ajiye buhu biyu, ɗaya na auduga, ɗaya na gauraye. Na farkon yana tafiya marina, na biyun kuma, wanda kullum ya fi cika, cushen matashi da kujera kawai muke yi da shi.