Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Ni da Lamba 412

A makon jiya mun tsaya a inda likita ya juyo da fuskar na'urar auna sugan jini ya nuna mini lamba 412, ni kuma na tambaye shi ko hakan ya yi kyau. Har yau in na tuna tambayar nan sai kunya ta kama ni.

Bai yi dariya ba. Ya ja takarda ya rubuta 100, ya ce mai lafiya in ya tashi da safe bai ci komai ba, sugansa ƙasa da wannan yake. Ya rubuta 126, ya ce daga nan zuwa sama, in an maimaita gwaji an sake samun haka, sunansa ciwon suga. Sannan ya rubuta 180 ya ja layi a ƙarƙashinta. "Malam, daga wajen nan ƙoda take fara zubar da suga cikin fitsari, suga kuwa ba ya fita sai ya ja ruwa. Shi ya sa kake tashi sau biyar a dare, shi ya sa kake kwana da gorar ruwa a gefen gado." Gwajin HbA1c, wanda ke nuna yadda suga ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku, ya ba da 11.8, alhali daga 6.5 ake cewa mutum ya kamu. Ya rubuta mini ƙwayar maganin suga mai suna metformin, ya ce in mako biyu ya wuce lambar ba ta sauko ba, sai mun koma allura.

Kalmar allura ce ta firgita ni, tsoro kuwa mugun mashawarci ne. Na dawo gida na yanke wa kaina hukuncin da ba wanda ya yanke mini: na daina cin abinci. Da safe ruwan zafi, da rana 'yan ganyayyaki, da dare in kwanta ciki na kuka. Kwana uku na yi a haka ina jin kaina jarumi. A na huɗu, wajen ƙarfe ɗaya na dare, na tsinci kaina tsaye a kicin cikin duhu, na cinye burodi guda sukutum ba tare da na zauna ba. Da safe na'ura ta ce 338.

Matata ta kalli ledar burodin, ta kalle ni. "Abban yara, wannan ba jinya ba ce, horo ne. In ka kashe kanka da yunwa, wa ka taimaka wa?"

Ita ce ta kawo shawarar littafi. Aikina lissafi ne, shekara ashirin ina bin diddigin kuɗin wasu, amma ban taɓa tunanin in buɗe wa cikina littafin shiga da fita ba. Muka ja layuka huɗu: lokaci, abin da na ci, lamba kafin ci, lamba bayan awa biyu. Yatsuna sun sha huji a watan nan. Sai daga baya wata ma'aikaciyar jinya ta nuna mini cewa gefen yatsa ake sokawa, ba tsakiya ba, kuma a riƙa sauya yatsa.

Littafin nan ya tona asirin abubuwa da yawa. Farantin shinkafa irin wanda na saba, mai tudu, ya ɗaga ni daga 210 zuwa 335. Kwana biyu bayan haka na ci shinkafar dai, amma kwatan faranti, kwata kuma kifi, rabin da ya rage ganye da kayan lambu, kuma su na fara ci. Lambar ta tsaya a 255. Ashe yawanta ne bala'in, da kuma cinta ita kaɗai. Wake bai taɓa ba ni kunya ba. Ƙwai ma haka. Wanda ya fi ba ni haushi shi ne ruwan lemon da ake matse mini sabo, wanda nake sha ina alfahari wai na bar na kwalba. Kofi ɗaya ya harba ni sama kamar na sha sikari zalla, amma in na ɓare lemo ɗaya na ci da ɓargonsa, da kyar lambar ke motsi.

Lemon kwalba kuwa, ɗiyata ce ta gama da shi tun kafin nan. Ta karanta jikin gwangwani: giram 35 na sikari. Ta ɗauko kofin gilashi da ƙaramin cokalin shayi ta fara zubawa tana ƙirgawa da ƙarfi. Ɗaya, biyu, uku, har kusan tara. Ta ce, "Abba, nawa kake sha a rana?" Na ce uku. Ta ci gaba da zubawa ba ta ce komai ba, har sikari ya yi tudu a kofin. Ta tura mini gabana ta miƙo cokali. Ban sake saye ba.

Batun motsa jiki, da farko na so in yi irin haukan da na yi da abinci, in fita da gudu da asuba. Likita ya taka mini birki. Ya ce muddin lambar ta haura 250 kuma ina jin tashin zuciya, ko ciwon ciki, ko kasala mai tsanani, kada in yi wani aikin ƙarfi, in zo asibiti a duba. Abin da ya ba ni kamar wasa ne: tafiyar minti 15 bayan kowane cin abinci. Na raina ta. Ya ce tsoka in tana aiki tana zuƙe suga daga jini ko da insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin ƙwayoyin jiki, bai yi aikinsa yadda ya kamata ba, kuma bayan cin abinci ne sugan ke kwararowa, don haka a lokacin ya kamata a tare shi.

Na gwada, don ni ba na yarda da magana sai ta shiga littafi. Abinci iri ɗaya, dare biyu a jere. Daren farko na kishingiɗa gaban talabijin: 248. Dare na biyu na zagaya unguwa, tafiyar da za ka iya magana amma ba za ka iya rera waƙa ba: 196. Na daɗe ina kallon lambobin nan biyu. Daga ranar, ko ruwa ake yi sai in yi ta safa da marwa a falo, yara na leƙowa suna ƙunshe dariya. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 a mako ta ce, ni da 'yan minti sha biyar ɗina na ninka haka ban ma sani ba. Takalmi ne kawai ya so ya ja mini, ya yi mini bororo a diddige ban ji ba sai da na ga jini a safa. Tun daga nan duk dare sai na duba ƙafafuna, har tsakanin yatsu.

Akwai rigimar da ba zan manta ba. Sai in kwanta da 150, in tashi da 185. Matata ta ɗauka na koma satar burodi, har ta fara ƙirga yankan da ya rage. Na rantse, ba ta yarda ba, don wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. Likita ne ya raba mu. Ya ce gab da asuba hanta tana sako sugan da ta ajiye don ta shirya jiki ya tashi, kuma a wurin mai ciwon suga abin yakan yi yawa. A mako na uku kuma idona ya dushe, har na shirya sauya tabarau. Ya ce in dakata, ruwan ƙwayar ido ne ke daidaita saboda sugan na sauka. Haka kuwa aka yi.

Ranar cikar wata uku na hau sikeli: daga kilo 104 na dawo 95. HbA1c ya ce 7.4. Ba a yi allurar ba. Na ce, "Likita, ke nan na warke, in ajiye maganin?" Ya girgiza kai. Ya ba ni labarin wani bincike da aka yi a Birtaniya mai suna DiRECT, wanda aka fitar da sakamakonsa a 2017, inda kusan rabin waɗanda suka bi tsarin rage ƙiba ciwon ya lafa musu bayan shekara guda ba tare da magani ba, kuma waɗanda suka zubar da kilo 15 ko fiye su suka fi dacewa. "Lafawa na ce, ban ce warkewa ba. In ƙibar ta dawo, shi ma yana nan tafe. Kai tara ka zubar. Ci gaba da shan maganinka, mu haɗu bayan wata uku."

Na fito ina lissafin kilo shidan da suka rage. Washegari a ofis, wani abokin aikina ya rufo ƙofa a hankali, ya zaro wata kwalba marar suna daga jakarsa ya ajiye kan teburina. Ya ce cikin kwana bakwai za ta raba ni da suga har abada, sharaɗin kawai in daina shan na asibiti. Na ɗauki kwalbar na sa a aljihu.

Abin da ya biyo baya, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.